Jan Ruwan Na'Allah

Talata, 19 ga Nuwamba, 7:25 na safe

Yau Na'Allah ya wuce ni.

Shekara shida ina riƙe da kayen nan, ɗan littafin guduna, ba abin da nake rubutawa ciki sai kwanan wata da kilometir da minti. Yau ne na fara sa magana, don ba wanda zan gaya wa.

Mun fita gudu bayan asuba kamar kullum, hanyar Bader Goula, kilometir biyar zuwa biyar dawowa. Mun juyo daga aduwar da muke juyawa, mun kai wajen kilometir na bakwai inda hanya ke hawa ɗan tudu, sai na ji takunshi ya matso. Na ɗauka zai roƙe ni in rage, kamar yadda ya saba. Sai ya ce, "Gafara, Abdu," ya ratsa ta damata ya wuce. Gafara, kamar wanda ya tarar da jaki tsakiyar hanya.

Shi 44:50. Ni 46:05.

Shekara uku da sunka wuce ni na je na fiddo shi daga shagon ɗinkinshi na bakin tasha. Lokacin tumbinshi na taɓa keken ɗinki, in ya sunkuya ɗaukar almakashi sai ya yi nishi. Ranar farko ko bayan gari ba mu kai ba ya zauna bakin hanya yana amai. Ni na ba shi tsofaffin baskit ɗina, takalman gudu. Ni na koya mashi numfashi. Ni, Mushe Abdurrazak, kamar yadda ake kiran malaman boko, mai koyar da lissafi a kolej, wanda ya ci tseren kuros ɗin 18 ga Disamba na ƴan sama da shekara arba'in sau huɗu a jere. Saura wata guda a yi na bana.

Da na iso yana tsaye yana jirana, hannu a ƙugu, leɓenshi ja. Na ce mashi barci ne bai ishe ni ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, 7:30 na safe

Ya sake. Yau tun a na shida.

Shi 44:31. Ni 46:20.

Da munka gama ya ciro buteli daga inda ya ɓoye shi gindin katanga ya kafa kai. Wani jan ruwa ne mai kauri. Na tambaye shi ko bisap ne, wato zoɓo, ya ce a'a, beterab ne, wata jar saiwa mai kama da dankali, anka markaɗa anka tace, da ɗan citta da lemun tsami. Wai rabi yake sha da ya farka, sauran in ya gama gudu, sati biyar ke nan. Wai tun da ya fara, tudun nan ya daina yi mashi tsawo. Ya miƙo mani, na ce ba na jin ƙishirwa.

Na tambaye shi a ina tela ya san wannan. Ya yi dariya ya ce ashe ban san abin da ke cikin gidana ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, 1:10 na rana

Ban tambayi matata Mariama ba. Ba zan tambaye ta ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 4:40 na yamma

Ban tambaya ba, gani na yi. Na dawo da wuri na tarar da matata zaune bayan madafa, hannuwanta ja har wuyan hannu kamar ta yi lalle, ɗan injin markaɗen da ɗiyarmu Hamdiya ta kawo mata daga Maradi yana ta ƙugi. Ga buteli a gefe. Na san butelin, mai murfi shuɗi.

Ba ta ko razana ba. Ta ce, "Mushe, naka ne fa. Kai ka ƙi."

Sai na tuna. Watan jiya ne, bayan abin da ya same ni gaban allo, ranar da anka kai ni likita, majo Hamid, babban ma'aikacin jinya, ya ɗaura mani abin awon tansiyo, wato hawan jini, ya kuma daɗe yana sauraron ƙirjina. Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Takardar da ya ba ni tana cikin diksiyoner, harafin M. Kwana biyu bayan haka Mariama ta kawo mani wani jan abu a kofi, wai Hamdiya ta ce yana sauƙaƙa tansiyo. Na kurɓa, na ji kamar na lashi ƙasa bayan ruwan farko. Na ce mata ta kai wa mara lafiya, ni lafiyata lau. Ashe Sharifa matar Na'Allah tana tsakar gida lokacin, ita ta tafi da shi don kada a zubar. Tun ranar, Sharifa ke aiko da beterab ɗin da ake kawowa daga Maradi, Mariama ta markaɗa don su ba su da inji, ta sa a firigo, shi kuma ya biyo ya ɗauka in ya rufe shago.

Injina. Firigona. Hannun matata. Sati biyar ana yi mashi ƙarfi a cikin gidana, ina gaishe shi a ƙofa yana riƙe da leda, ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba.

Na ce mata ba komai, zumunci ne. Ta dube ni ta ce ko ta ƙara buteli guda. Na ce ba na buƙata.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, 11:00 na safe

Na kira Hamdiya. Shekararta ta biyu ke nan a makarantar koyon aikin lafiya. Na yi kamar wani ɗan kilas ɗina ne ya tambaye ni ko gaskiya ne ruwan beterab na ƙara gudu.

Ta ce akwai wani gishiri cikinshi da ake kira nitrat, in ya shiga jiki yana sa jijiyoyin jini su ɗan buɗe, tsoka ta yi aiki da ƙarancin iska. Ta ce an gwada a wurare da yawa, wasu sun ga ɗan ƙari, wasu ba su ga komai ba. In ma an samu, ƙanƙani ne, kamar kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, kuma an fi ganinshi ga irinmu masu gudun sha'awa, ba manyan ƴan wasa ba. Wai sai an sha da awa biyu ko uku kafin a fara.

Na yi lissafi tana magana. Kashi biyu cikin ɗari na minti arba'in da shida bai kai minti guda ba. Tsakanina da shi ran Alhamis kusan minti biyu ne. Sauran daga ina?

Sai ta ce, "Baba, yaushe za ka zo a duba ka? Majo ya ce kada a wuce sati biyu." Ashe uwarta ta gaya mata. Na ce rezo ba shi da kyau, ba na jin ta sosai.

Talata, 26 ga Nuwamba, 7:20 na safe

Jiya da la'asar Mariama ta tafi islamiyya, na buɗe firigo na zuba kofi guda daga butelinshi, na cika wurin da ruwa. Na ɓoye kofin bayan tulu, na shanye da na farka, a tsaye, kamar ɓarawo a gidana. Har yanzu ƙasa-ƙasa yake.

Ni 45:48. Na rage sakan talatin da biyu.

Shi 44:20.

Laraba, 27 ga Nuwamba, 10:15 na safe, lokacin hutu

Jiya da hantsi na shiga bayi a lakol na ga fitsarina ja. Na jingina da bango. Na ce to, ga shi ya zo, abin da nake ta gudu ya iso ta wata ƙofar. Na yi tunanin wa zai gaya wa Mariama. Na koma kilas na ba yara aiki, na zauna ina kallon hannuwana har anka buga ƙararrawa.

Sai da yamma, muna zaune ƙofar shagon Na'Allah, ya shiga ba mutane labari yana dariya, wai ranar da ya fara shan abin nan ya ga ja a bayi har ya fara yi wa Sharifa wasiyya. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, har na fi kowa. Ya dube ni da ɗan tsawo.

Asabar, 30 ga Nuwamba, 8:10 na safe

Sau uku ke nan ina sha a ɓoye. Talata 45:48. Alhamis 46:40. Yau 46:12. Ba layi, ba komai. Da ɗalibi ne ya kawo mani waɗannan lambobin ya ce sun nuna wani abu, da na ja mashi jan bik.

Shi kuwa kullum sauka yake. 44:20, 44:02, 43:55.

Abu guda muke sha. Daga buteli guda ma.

A tudun yau abin nan ya taso, daga tsakiyar ƙirji zuwa kafaɗar hagu. Na rage har ya lafa. Sanyin safiya ne.

Litinin, 2 ga Disamba, 5:30 na yamma

Ƴan ƙungiyar da ke shirya kuros sun kafa sanarwa. Bana duk wanda ya wuce arba'in sai ya kawo sartifika daga likita kafin a ba shi lamba. Ba a taɓa yin haka ba.

Na je wurin majo Hamid bayan lakol. Mun gaisa, ya tambayi iyali, na miƙa mashi takardar in ya sa hannu. Bai ko ɗauki bik ba. Ya tambaye ni sakamakon Maradi. Na ce jarrabawar yara ta riƙe ni. Ya ce shi ba zai sa hannu ba sai ya ga abin da injin can ya rubuta, ko da ubanshi ne ya zo. Na tuna mashi ni na koyar da ɗanshi, ya ce shi ya sa.

Ina fitowa na yi karo da Na'Allah a baranda, yana kaɗa tashi takardar don tambarin ya bushe. Wai majo ya ce zuciyarshi kamar ta ɗan shekara talatin. Ya tambaye ni tawa, na dafa aljihu na ce tana nan.

Kamar ta ɗan shekara talatin. Mutumin da ke cin tuwo malmala uku.

Laraba, 4 ga Disamba, 6:00 na yamma

A fadar shayi ta bakin tasha yanzu Jirgi suke ce mashi. Wani ya ce bana kup ɗin kuros, shagon ɗinki za shi. Elhaji mai kayan moto ya ce shi ma a fara yi mashi jan ruwan nan, ko ya kama barewa. Anka juyo gare ni ana jiran in ce wani abu. Na ce ɗalibi nagari ne, ni na koya mashi. Na ji yadda muryata ta fito.

Ya ɗinka wa kanshi sabon gajeren wando, kore da ratsin fari. Ya ce in kawo awona ya yi mani irinshi. Na ce nawa bai tsufa ba.

Ba na ƙin shi. Ina so a rubuta wannan. Shi ya yi ɗawainiyar sunan duk ƴaƴana, shi ya riƙe makarar babana ta gaba. Ba na ƙin shi. Bayanshi ne ba na son gani.

Alhamis, 5 ga Disamba, 7:20 na safe

43:40. Ban duba nawa ba.

Juma'a, 6 ga Disamba, 5:45 na yamma

Na yi wani abu.

Mariama ta fita gaisuwar rashin lafiya. Na juye butelinshi duka cikin wani bido, na ɓoye ƙarƙashin gado. Na dafa bisap mai kauri, na sa citta da lemun tsami, na matse ɓawon beterab ɗin da ta zubar don warin ƙasar ya kama, na cika mai murfi shuɗi na mayar firigo. Launin ya yi daidai, sai dai bai kai kauri ba.

Gwaji ne. Haka masu bincike ke yi, Hamdiya ma ta faɗa: a ba mutum abin da ya yi kama da magani bai sani ba, a ga ko zai canza. In lokacinshi ya hau, to ruwan ne. In bai hau ba, to ba ruwan ba ne. Ilimi ke nan.

Ya zo bayan magariba ya ɗauka. Ni na miƙa mashi da hannuna. Ya ce Allah ya saka.

Ba gwaji ba ne.

Talata, 10 ga Disamba, 7:35 na safe

Sau biyu yana gudu da bisap a cikinshi, don jiya ma na sake musanya butelin. Asabar 43:44. Yau 43:21, bai taɓa yin irinshi ba. Ni da na shanye rabin litar gaskiya ni kaɗai, 47:02.

Na zauna da lambobin nan na jujjuya su. Wataƙila abin yana daɗewa a jiki. Wataƙila iska ce ta bayanshi. Amma hanya guda muke bi, iska guda.

In ba ruwan ba ne, shi ne. In kuwa ba shi ba ne, ni ne.

Mariama ta tambayi wanda ya taɓa mata yakuwar bisap. Na ce ban sani ba. Ta ce to, ta ci gaba da tsintar shinkafa. Da ta yi faɗa da ya fi mani sauƙi.

Alhamis, 12 ga Disamba, 3:00 na rana

Ina gida. An ce in kwanta.

Juma'a, 13 ga Disamba, 10:30 na safe

Zan rubuta yadda ya faru, sau guda, kada in sake.

Jiya na ce ko mene ne zai faru ba zai wuce ni ba. Na tashi da ƙarfi tun farko. Mun juya aduwa ina gaba. Na biyar da rabi ina gaba. Ina jin takunshi daram, bai matso ba bai ja baya ba. Da munka fara hawan tudu ya zo daidai kafaɗata, na ƙara, ya ƙara, na ƙara. Daga nan abin da na sani shi ne jar ƙasa a bakina, da wani nauyi kamar an aza mani buhun gero a ƙirji.

Ba mota ba moto a hanyar. Ya ɗaga ni ya goya ni. Ina ji ina gani, ba bakin magana. Tela ya goyi Mushe Abdurrazak, ƙafafuna na reto, baskit ɗaya ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Ya yi fiye da kilometir guda a haka yana sassarfa kafin munka gamu da wani mai amalanke da ke kai kara gari.

Ga abin da nake jin kunyar rubutawa. Kunnena na manne da bayanshi, ina jin numfashinshi. Shiga biyu, fita biyu, yadda na koya mashi. Ɗauke da mutum mai kilo saba'in, numfashin bai rikice ba. Ina tsakanin duniya da lahira, abin da ke raina shi ne, ina ma nawa ne.

Majo bai yi mani faɗa ba. Ya yi allura, ya ba ni ƙwayoyi, ya kira wani a talho gabana, ya ce ran Juma'a mai zuwa ƙarfe tara ana jirana a Maradi. Na'Allah na tsaye bakin ƙofa yana jin komai, har maganar abin da ya same ni gaban allo. Da Mariama ta iso ya fita.

Lahadi, 15 ga Disamba, 5:15 na yamma

Kwana biyu bai zo ba. Yau ya zo da la'asar, da baskit ɗina a leda, ya koma ya nemo ta. Mariama ta shimfiɗa mashi tabarma ta shige ɗaki.

Mun daɗe muna maganar sanyi da tsadar zare. Na ga in ban faɗa yanzu ba ba zan taɓa faɗa ba. Na ce mashi butelin satin nan ba beterab ba ne.

Ya ce ya sani tun kurɓar farko. Wai na cika sukari, Mariama ba ta sa sukari. Na tambaye shi don me ya ci gaba da sha. Ya ce yana so ya ga iya inda zan kai. Kuma shi ma yana so ya sani, ko ruwan ne ko ƙafarshi. Sannan ya gaya mani abin da ban sani ba: tun watan takwas, kullum in ya rufe shago da rana sai ya je tudun yashi na bayan gari ya hau ya sauka sau goma, shi kaɗai. Ya bar tuwon dare. Ya ce ruwan yana jin daɗinshi, wataƙila yana ɗan taimakawa, shi bai sani ba, amma yashin ya sani.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe bai gama ba.

Ya ce, "Bisap ba komai ba ne, Abdu. Shekara uku ina kallon bayanka. Kullum in koma gida in ce wata rana. Ranar da na wuce ka, na shiga gida na ce wa Sharifa yau na zama mutum. Na yi sadaka. Ashe mara lafiya na wuce. Ka sani, ka bar ni ina murna, ka bar mutane suna ce mani Jirgi."

Na ce ko da lafiyata 43 ba wasa ba ne.

Ya ce, "Da lafiyarka 41 kake yi. Yanzu ba zan taɓa sani ba. Wannan ka ɗauke mani."

Ban taɓa kawo wa raina shi ma yana da abin da yake ƙirgawa ba. Ya tashi bai sha ruwan da anka kawo mashi ba. A ƙofa ya juyo ya ce da na mutu a bayanshi, da wane ido zai dubi Mariama. Bai jira amsa ba.

Litinin, 16 ga Disamba, 6:30 na yamma

Bai zo ɗaukar buteli ba. Mariama ta zuba mani a kofi ta aje kusa da ƙwayoyin. Na sha gabanta.

Laraba, 18 ga Disamba, 12:40 na rana

Ban je ba. Na ce majo ya hana, alhali cewa ya yi kada in yi gudu, bai ce kada in yi kallo ba.

Daga tsakar gida ana jin lasifikar fili. Na zauna kan kujera rana na dukan ƙafafuna, na ji an busa usur na manya. Ban yi niyya ba, yatsana ya danna agogo. Na bi su a kaina. Yanzu sun fita gari. Yanzu sun juya. Yanzu tudu. Mariama na wanki tana satar kallona.

A 42:15 fili ya ɗauki ihu. Mai lasifika ya kira wani suna da ban sani ba, Mahamman wani, daga Azagor. Makiyayi ne, in ji maƙwabcinmu da ya dawo daga baya, dogo, da takalmin roba ya yi gudun. Na'Allah na biyu, 42:58.

Na ji daɗi. Allah ya gani, na ji wani sanyi ya sauka mani har ciki, kamar an sauke mani kaya. Bai ci ba. Kuma ba wanda ya taɓa 41:20 ɗina. Na yi minti guda ina jin daɗin nan kafin na tuna wanda nake yi wa murnar faɗuwa, da inda kunnena yake ran Alhamis.

42:58. Ƙasa da arba'in da uku. Tela mai shekara arba'in da bakwai. Da wani ne ya koya mashi, da na ce malamin ya iya.

Na ɗauki talho sau uku na aje.

Alhamis, 19 ga Disamba, 4:20 na yamma

Mariama ta haɗa mani kaya. Ta ciro takardar daga diksiyoner ba tare da ta tambaye ni inda take ba. Na ce mata tun yaushe ta sani, ta ce tun ranar da na sa ta. Ta ce kullum in na fita da asuba ba ta komawa barci, zama take yi bakin gado har ta ji ƙarar ƙofa. Wata biyu.

Na ce ta yafe mani. Ta ce in dawo tukuna.

Na aika wa Na'Allah saƙo: Barka. Ka yi saurin tashi a kilometir ukun farko, shi ya cinye ka a tudu. Ya karanta bai amsa ba.

Juma'a, 20 ga Disamba, 9:50 na safe, Maradi

Da munka isa tasha da asuba na tarar da shi cikin mota, ya riƙe mani wuri gefen taga. Wai zare da maɓallai za ya saya a babbar kasuwa. Mariama ta gaishe shi ta koma gida, sai na gane sun gama magana tun jiya. Munka yi ta tafiya har munka wuce Kornaka. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, a ukun farkon minti nawa ya kamata ya yi. Na gaya mashi. Ya ce in an sallame ni sai in riƙa bin shi a moto da agogo, baɗi yana son ɗan Azagor ɗin nan. Na ce za mu gani. Ban sani ba ko zan iya. Ban sani ba ko ina so ya kai 41.

Hamdiya ta tarbe mu a ƙofar asibiti da farar rigarta, ta karɓi takarda ta shiga ciki. Muna zaune kan benci, mu tara, kowa riƙe da ambulan ɗinshi. Kasuwa ta buɗe tun ɗazu, Na'Allah bai motsa ba. Gajiyar shekaranjiya ta kama shi, ya jingina kai da bango ya yi barci, baki buɗe.

Akwai wata jijiya a gefen wuyanshi da ke harbawa, ana ganinta sarai. Na duba agogo na ƙirga minti guda cif. Hamsin da huɗu. A hankali, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda.

An kira mutumin da ke gabana.